Ranar da Aka Kasa Ƙugun Yaya Kashi Uku

Jiya na raka yayana ofishin biyan diyyar ma'aikata, yau ga ni kwance ana shafa mini man zafi.

Shi Yaya ƙugu ɗaya Allah ya ba shi, amma sau biyu yana taɓuwa. Da fari gungume ya danne shi a kamfanin katako, ya tashi da ɗan ɗingishi. Bara kuma ya zamo daga tsani a siton siminti, tun daga nan ko takalmi sai an sa masa. Burinsa bai wuce a ba shi diyya ya kafa ɗan teburin tireda a ƙofar gida ba, tunda dako ya ƙare masa.

Ofishin yana can ƙololuwar bene, don a tabbatar mai ciwo da gaske yake. Na tallafe shi har gaban Mai Girma Shugaban Kwamitin Awon Ciwo, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

"Malam, sunkuya," in ji shi. Yaya ya gwada, ya ce wash!

"Yawwa. Wannan wash ɗin, na katako ne ko na siminti?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, bai faɗa mini daga inda ya fito ba."

Lauyan masu siminti ya yi caraf ya ce tsohon ciwo ne, da abinsa ya zo musu. Masu katako kuwa sun rufe tuni, wurin ma ya zama wajen wankin mota.

Kai, ilimi ni'ima ne! Nan take Mai Girma ya kasa ƙugun uku. Babban kaso na katako, wato babu mai biya. Na biyu na tsufa. Ɗan guntun da ya rage shi ne na siminti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi tsufan a wane bene ofishinsa yake, mu ƙarasa?" Aka nuna mini ƙofa.

A bakin matakala ƙafafun Yaya suka ƙi. Na durƙusa na goya shi. Muna sauka ya ce a kunnena, "Ƙanena, teburin nan ba zai samu ba, ko?" Wallahi sai da idona ya cika, na ce masa gumi ne.

Abu ɗaya zan roƙi Mai Girma: in za a sake zama, a zo a taya ni goyo. Ni dai har ƙasa ban ji kason masu katako ya sauka daga bayana ba.