Ranar da Babur Ya Ƙi Ba Ni Shaida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta abin da na ci jiya, da ranar da babur ɗin autana ya juya mini baya a ƙofar gidan surukai.

Ni dai a Roni an san ni da iya zaɓen kaya. Ban taɓa shiga aji ba, amma tukunya in na ƙwanƙwasa ta sau ɗaya na san ko za ta shekara. Atamfa kuwa bakinta nake lasa in gaya miki ko za ta zuba. Duk wadda za ta aurar da 'ya a unguwarmu sai ta zo ta ce, "Inna, a raka ni Kazaure." (Har yau ana zuwa, kada ku ɗauka an daina.) To wannan sunan da na yi, shi ya kai ni ya baro.

Autana Nasiru a lokacin allurar shanu yake yi, yana bin rugage ta bayan duwatsu. Wurin aikinsa suka ba shi wani dogon babur mai tayoyi kamar haƙoran kada, wanda in zan hau sai an kawo mini turmi na taka. Sandunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, ashe iska suke tarawa in an sha gargada, sai gaban ya ƙage yana dukan hannu. In ya dawo sai ya ɗora babur a kan kututture, ya kwance wasu 'yan notuna a saman sandunan, iskar ta fita. Rannan noti ɗaya ya faɗa cikin yashi, da rariyata muka yi ta tankaɗe har la'asar. Shi ne ya ce akwai wasu 'yan madannai da ake sawa a madadin notunan, yatsa kawai za ka ɗora, iska ta fice.

Ana haka matarsa Rabi ta haihu a gidan iyayenta a Gwiwa, haihuwar fari. Muka tafi Kazaure sayen kayan barka, muka biya ta rumfar Sale bakanike. Sale ya zube mana madannan iri biyu a kan tsumma. Wasu gajeru baƙaƙe kamar kashin akuya, wasu dogaye ruwan zinare, suna ɗaukar ido.

Sale ya ce, "Inna, duka za su shiga ramin. Amma ni gajerun zan ba shi. Dogon nan ya yi tsini sama, kome ya taɓa shi sai ya danne shi."

Na ce, "Sale, tun kana tsotson yatsa nake zaɓen kaya. Ɗana zai je suna gidan surukai da kashin akuya a goshin babur?"

Nasiru ya ce, "Inna, ba ɗan kunne ba ne fa."

"Kai dai yi shiru. Ka taɓa ganin na zaɓi abu ya ba da kunya?"

Na ɗauki dogayen na auna su a tafin hannu, na ɗaga su a rana, na ce su za a sa. Sale ya ɗaura yana murmushi. Ya danna ɗaya, ya yi 'yar ƙara. Na tuna ya ƙara da cewa iskar sau ɗaya take fita, sai an sake yin tafiya ta taru. Na ji shi da kunne, amma hankalina yana kan ƙyalli.

Ranar suna muka yi sammako. Na ci ado, sabon leshi da mayafin da ban taɓa yafawa ba. Kwallar daddawa da kuka da sabulai na ƙulle a ɗankwali, Nasiru ya ɗaure mini ita a gaba, tsakanin hannuwan babur. Hanyar Gwiwa a lokacin ba a cewa komai, rami ya miƙa ka ga dutse, dutse ya miƙa ka ga yashi. Amma akwai daɗi. Gero ya yi kai, mata a gona suna ɗago mana hannu, ni kuwa ina can sama a bayan autana kamar wata sarauniya.

Muka iso daidai liman ya ɗaga hannu ana addu'a. Malam Ilu, mahaifin Rabi, yana zaune da dattawan gari a kan tabarmi. Nasiru ya kashe babur. Wuri ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Da mai hankali ce ni, da na sauka na wuce cikin gida, a biyo ni da kaya. Amma ina, wa zai taɓa mini kwalla? Na zagaya na sunkuya, bayana yana kallon dattawa, na jawo ƙullin. Gindin kwalla ya zame ya zauna daram a kan madannan nan guda biyu.

Fiiiis.

Doguwa, siririya, har da 'yar jela a ƙarshe.

"Amin" ɗin da aka shafa ranar ban taɓa jin mai rauni irinsa ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani tsoho ya kama tari. Kun san mutanenmu, da na yi shiru na wuce, da an bar maganar a nan, kowa ya yi kamar bai ji ba. Amma girman kai ya ce mini, ke da ba a taɓa kama ki da abin kunya ba?

Na juyo na ce, "Malam, wallahi babur ne. Ku tsaya ku ji."

Na sa yatsa na danna na dama. Shiru. Na danna na hagu. Shiru. Na haɗa su biyu na danna da ƙarfina. Ɗan ɗigon mai ne kawai ya fito ya ɓata mini bakin mayafi. Iskar ta riga ta fice duka, kamar yadda Sale ya faɗa. Na waiga neman Nasiru ya ba ni shaida, sai na gan shi ya tusa fuska cikin hula, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kara. Ya ce a hankali, "Hajiya, ai hanyar ce. Hanyar nan ba wanda ba ta sa shi. Bismillah, shiga daga ciki."

Wato dai bai yarda ba, ya yafe mini ne kawai.

Kafin in kai tsakar gida labari ya riga ni. Hajiya Tabawa, uwar Rabi, ta tare ni da kwanon fura tana cewa, "Sannu da hanya, uwar miji. Mun dafa wake, amma ke a ba ki tuwo ko?" Mata suka kwashe. Daga ranar muka zama ƙawaye, shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa yarda babur ne ba har ta koma ga Allah.

Washegari Nasiru ya koma wurin Sale aka sa masa kashin akuyar, ba su taɓa ba shi matsala ba. Yanzu babur ɗin ya tafi, an gyara hanya, jaririyar da muka je sunanta ta yi aure. Dogayen nan biyu suna cikin adakata, har yau suna ƙyalli, in na gan su sai in ji kewar Tabawa.

Tukunya da atamfa ina nan ina zaɓa. Ƙarfe kuwa na bar wa Sale. In kuma wani abu ya yi ƙara a bayanki a gaban surukai, 'yata, ɗauki kwallarki ki wuce. Kada ki ce a tsaya a ji.