An Kori Ƙarata Ina Gindin Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na koma kotu a Gwarzo ina roƙon a dawo min da ƙarata, wadda aka kora saboda wai ban halarta ba.

Ni mai lalle ce. Wata mai lallen a Kabo ta kwashi hotunan zanen da na yi wa amare ta ɗora a shafinta na intanet, ta ce aikin hannunta ne. Amaren garinmu Madadi suka fara komawa wurinta, ga kaka ta gabato, lokacin bukukuwa. Shi ya sa na kai ƙara.

Na shirya jawabi mai ratsa zuciya (a littattafan da na taso da su, yarinya na buɗe baki a kotu kowa zai fara share hawaye). Har mayafi ruwan toka na yafa, don ya fi kama da na wadda aka zalunta. Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, ita ta rako ni.

Alƙali ya ce, "Me ya hana ki zuwa ranar da aka sa?"

Na sunkuyar da kai, na sassauta murya. "Allah ya gafarta Malam, ƙaddara ce ta gitta tsakanina da kotun nan, kamar yadda gajimare kan gitta tsakanin farin wata da masu begensa."

Ya ɗan dube ni. "Ciwo ne, ko mota ce ta lalace?"

Kafin in ƙirƙiro wani gajimaren, Gwaggo ta miƙe. "Allah ya gafarta Malam, ai ta zo, tare muka zo. Na zaga alwala na bar ta a gindin darbejiyar can. Wani lauya mai baƙar kwat ya wuce ya ce mata sannu, shi ke nan. Ashe ana ta kiran sunanta tana can tana murmushi ita kaɗai. Da na dawo na taɓa ta, cewa ta yi, 'Gwaggo, kina ganin Baba zai bari ya tafi da ni Abuja?'"

Wadda nake ƙara ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin benci.

"Lauyan ya san da maganar?" in ji alƙali.

"Ko sunanta bai tambaya ba."

Ya daɗe yana gyara tabarau kafin ya ce an dawo da ƙarar. Ya dubi Gwaggo. "Amma Hajiya, ranar zama ki yo alwalarki daga gida."

Ba a kai ga zaman ba ma, matar ta sauke hotunan, amarena suka dawo. Sai dai duk wadda ta miƙo min hannu sai ta tambayi lafiyar angona lauya.

Abin da na koya, mafarki ba laifi ba ne, amma a bari sai an amsa kira tukuna. Kuma in za a kai ƙara, a nemi ɗan rakiyar da bai cika gaskiya ba kamar Gwaggo.