Nomau da Ƙafar Kawu

A garin Dogon Marke, kusa da tsohuwar tasha, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa, mutum uku ne a cikinsa. Akwai Kawu Shekarau, tsohon direban babbar mota. Akwai matarsa, Inna Tabawa. Sai kuma Nomau, ɗan ƙanwar Kawu, wanda suka riƙa tun yana rarrafe. Nomau ya haura talatin, ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ba ya ƙarya, ba ya gardama. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin hanya ka manta da shi, gobe a nan za ka same shi.

Bara ciwo ya buge Kawu ya taɓa masa ƙafar hagu. Likita ya ce ƙafar ba ta mutu ba. In yana taka ta za ta dawo, in kuwa ya bar ta za ta ƙandare, shi ke nan. Kawu ya ce shi da ya kai kaya har Agadas ba zai koma koyon tafiya kamar ɗan yaye ba. Ya shimfiɗa katifa a zaure, rediyo a wajen kai, sanda a gefe, ya mai da Nomau motarsa. "Nomau, kai ni banɗaki." "Nomau, mai da ni inuwa." Inna Tabawa tana kallon ƙafar kullum tana ƙara sirancewa, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza.

A daidai lokacin ne wani tsohon soja mai suna Haladu ya buɗe wajen motsa jiki a filin da ke bayan gidan kallon ƙwallo. Kowa Koci yake ce masa. Kayan aikinsa ba masu tsada ba ne: gwangwanayen madara da aka cika da siminti aka soka musu rodi, jarkokin ruwa, buhunan yashi, igiya mai kauri, da wata tsohuwar tayar tarakta. Bayan sallar asuba ma'aikata da 'yan kasuwa masu tumbi sukan taru su yi ta nishi tare. Inna ta ji labari, ta kira Nomau.

"Je ka koyo abin da suke yi, ka zo ka koya wa kawunka."

"To, Inna."

Wata rana, wato ranar farko, Koci ya jera su sahu-sahu ya ce, "Duk abin da kuka ga na yi, ku yi. Ban son tambaya." Ya ɗaga hannu, suka ɗaga. Ya tsuguna, suka tsuguna. Nomau yana gaba, kuma faɗin bayansa ya tare wa na baya Koci, don haka shi suke bi. Ana cikin haka wayar Koci ta yi ƙara. Ya duba, ya ga uwargida ce, ya juya gefe ya ƙanƙance murya. Nomau ba shi da waya, sai ya cire silifas ɗinsa ya kara a kunne, ya juya gefe shi ma, ya maimaita da muryarsa da ake ji har tasha.

"Na'am, Hajiya. Wallahi mantawa na yi. Ki yi haƙuri. A'a, ba sai kin zo ba. Na tuba."

Na baya da suka ga an cire takalmi, wasu har sun sunkuya sun fara cire nasu. Alhaji Mamuda mai kemis, wanda ya fi kowa tumbi, dariya ta kayar da shi a kan buhun yashi. Koci ya kashe waya ya daka tsawa, "Kai, wane irin sakarai ne wannan!" Nomau ya nuna Koci da yatsa ya ce, "Kai, wane irin sakarai ne wannan!"

Da ya koma gida Inna ta ce ya nuna wa Kawu abin da ya koyo. Ya ɗauki takalmin Kawu ya kara masa a kunne ya ce ya ba Hajiya haƙuri. Kawu ya jefe shi da batirin rediyo.

Wata rana Koci ya ba Nomau tayar tarakta. Ya nuna masa yadda ake tsugunawa a sa hannu a ƙarƙashi, a ɗaga, a kifar da ita gaba, a sake bin ta. Ya ce, "Kada ka tsaya sai ka ji na busa usur." Sai ga wani ya murguɗe ƙafa a can gefe, Koci ya tafi duba shi, daga nan ya raka shi gida, ya manta da batun taya. Nomau ya kai ƙarshen fili bai ji usur ba. Akwai wata kafa a jikin katanga, ya bi ta nan. Ranar kasuwa ce. Ya shiga layin masu tumatir yana kifar da taya yana cewa, "A gafara, a gafara." Masu tumatir suka kwashi abin da za su iya suka watse. Ya ratsa layin tukwane, ya bar mata suna salati. Wani ɗan acaɓa ya sha gabansa ya ce ya tsaya don Allah.

"Kai ne Koci?"

"A'a."

"To, matsa."

Hantsi ya dubi ludayi kafin labari ya kai wa Koci. Ya hau babur, ya bi sawun taya, ya cim ma Nomau a kan hanyar ƙauyen gaba, shanu sun tsaya suna kallonsa. Koci ya ce, "Tsaya haka nan, don girman Allah!" Nomau ya kife taya ya ce, "Ban ji usur ba." Koci ya laluba aljihu, ashe usur ɗin yana gida a wuyan wata rigar. Sai da ya koma ya ɗauko.

Wata rana Koci ya zaunar da su yana bayani. Ya ce shi ba ya horar da mutum don ya kumbura ƙwanji ya tsaya gaban madubi. Yana so ne mutum ya iya ɗaukar buhun masara bayansa bai riƙe ba, ya tashi daga tabarma ba tare da ya dafa bango ba. "Ba sai an zo nan ba," in ji shi. "Duk abu mai nauyi da ka tarar a hanyarka, tsuguna, miƙe bayanka, ɗaga shi, ka sauke a hankali." Nomau ya riƙe wannan. A hanyar gida ya ɗaga ragon wani maƙwabci ya sauke. Ya ɗaga babur ɗin mai shayi ya sauke. Ranar Juma'a, an idar da salla ana fitowa, sai ga Alhaji Mamuda ya tare ƙofar masallaci da babbar rigarsa mai sitati, yana gaisawa da manyan gari. Nomau ya dube shi sama da ƙasa, ya tsuguna, ya miƙe bayansa, ya rungumo cinyoyinsa ya yi sama da shi.

"Innalillahi! Sauke ni, ɗan banza!"

"A hankali ake saukewa, Alhaji."

Hular Alhaji ta faɗa kwata. Nomau ya dire shi a natse, ya share gumi ya ce, "Alhaji, ka fi babur."

Duk wannan ƙarfi da Nomau yake ƙarawa, a kan Kawu yake ƙarewa. Da can da nishi yake ɗaukarsa, yanzu da hannu ɗaya yake saɓa shi yana riƙe da buta a ɗayan. Kawu ya ji daɗin haka ƙwarai, ya ce yaron nan ya fara zama mutum. Inna ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi. Ta ce, "Na aike ka ka koyo masa tafiya, ka dawo ka ƙara masa daɗin kwanciya." Ƙafar kuwa ta fara ƙin miƙewa ko da an ja ta.

Wata rana Koci ya raba su biyu-biyu. Ya ce kowa da abokin atisayensa, kuma doka biyu ce: kada ka tafi ka bar abokinka, kada ka bari ya cuci kansa. Ƙuri'a ta haɗa Nomau da Alhaji Mamuda. Koci ya yi dariya ya ce, "Nomau, ga amana. Kada ka bari maiƙo ya shiga bakin nan." Da yamma akwai walimar suna a gidan wani ɗan kasuwa. Alhaji ya zauna, aka dire masa faranti da soyayyen naman rago, ya yi bisimilla ya kai hannu. Sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Nomau ne a tsugune a bayansa. Ya zare tsokar daga yatsun Alhaji ya jefa a bakinsa. Alhaji ya sake ɗauka, Nomau ya sake karɓa. Haka suka yi har farantin ya ƙare, Nomau ya tura masa yankakkiyar albasa ya ce wannan ba ta da maiƙo. Alhaji ya tashi a fusace ya tafi gida, Nomau na biye da shi. Ya shige ya rufe ƙofa. Da ya buɗe da magariba zai tafi masallaci, ya tarar da Nomau zaune a dakali yana jira, Nomau ya ce masa ya buɗe baki ya gani.

Kashegari Alhaji ya ce ko shi ko Nomau. Koci ya tambaya wa zai karɓi Nomau, kowa ya hau ɗaure igiyar takalminsa. Koci ya gaji. Ya ce, "Nomau, ba mai son ka a nan. Gobe ka zo da abokinka daga gidanku, ko a baro ne ka turo shi. In ba haka ba kada in gan ka."

Wata rana, wato gobe ɗin, Nomau ya ari baron mai sayar da rake tun da duku-duku. Kawu yana cikin barcin safe, daga shi sai singileti da zanen Inna da ya ɗaura. Nomau ya ɗauke shi ya sa a baro, ya ɗora masa sandarsa da rediyonsa a ciki, ya tura. Kawu ya farka a tsakiyar titi yana kallon sama. Ya zagi Nomau, ya zagi baro, ya zagi mai rake, amma baro bai tsaya ba sai a gaban sahu. Mutane suka daina tsalle. Wasu tsofaffin yaran motarsa ne, suka rusuna.

"Ina kwana, Oga?"

"Oga, yau kai ne kaya?"

Kawu ya ja zane ya rufe gwiwa. Koci ya dafe kai, ya ce a bar tsohon ya huta a nan har a gama. Da aka gama kuwa, ya dubi babura da motocin da aka jera a bakin fili, ya ce ya gaji da mutanen da za su yi gumi su hau mota su je su zauna. "Yau ba mai hawa komai. Duk wani abu mai taya a bar shi nan sai yamma. Kowa da ƙafarsa zai koma gida, kuma ban yarda wani ya ɗauki wani ba." Ya busa usur, ya shige gaba da sassarfa, masu tumbi suka bi shi suna gunaguni. Ba wanda ya tuna da Kawu.

Nomau ya tsuguna, ya miƙe bayansa, ya ɗaga Kawu daga baro ya zaunar da shi a kan tayar tarakta. Ya tura baron ya jera shi da babura. Ya dawo ya tsaya.

"To, ɗauke ni mu tafi."

"Koci ya ce kowa da ƙafarsa."

"Ubanka ne Koci? Kawo baron!"

"Yana da taya, Kawu."

"To tafi ka kira mini Tabawa."

"Ba a tafiya a bar aboki."

Kawu ya kai masa duka da sanda, Nomau ya ja baya kaɗan, sanda ta sami iska. Rana ta fara ɗagowa. Mata masu zuwa rijiya suka fara tsayawa a bakin katanga, ɗaya ta ce ai wannan zanen Tabawa ne, ta san shi. Nan Kawu ya ji kunyar da bai ji ba tun da ya kwanta. Ya dogara sanda, ya cije, ya miƙe tsaye yana tangaɗi. Nomau ya ga rediyo zai faɗi, ya cafe shi ya rungume.

"Ajiye mini rediyona! Zo nan!"

Nomau ya matso, ya ga sanda ta tashi, ya koma baya. Kawu ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ya sake kai duka, ya sake samun iska. Nomau bai gudu ba, don ba a barin aboki. Bai tsaya ba kuma, don ba wanda ya ce masa ya tsaya a doke shi. Haka suka fita daga fili, suka wuce mai shayi, suka wuce kemis ɗin Alhaji Mamuda. Kawu yakan jingina da bango ya huta, Nomau ya jira shi a inda sanda ba ta kaiwa. In numfashi ya dawo, zagi ya dawo, a ci gaba. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, ba wanda ya ce a raba.

Inna Tabawa tana ƙofar gida da ƙwarya a hannu, ta rasa miji ta rasa zane, sai ta hango su. Ƙwaryar ta suɓuce. Ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Kawu ya iso jiƙe da gumi, ya nuna Nomau da sanda.

"Me kike kallo? Riƙe mini shi!"

Ta riƙe masa shi kuwa, ya samu ya zuba masa biyu a gadon baya, sa'an nan ya zube a dakali yana haki yana murza gwiwar hagu. Nomau ya sosa baya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau ma ban koya masa komai ba." Inna ta ja shi soro, ta rage murya.

"Gobe ma ka ɓata masa rai."

"To, Inna."

Ba ta faɗa masa ranar dainawa ba. Shi ya sa har yau, in ka biyo ta tsohuwar tasha bayan asuba, za ka ga ƙato a gaba rungume da rediyo, tsoho a baya da sanda yana ambaton kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ya ce kwanan nan Nomau ya fara haɗawa da ɗan gudu.