Rasuwar Kujerar da Sirajo Ya Kai a Miƙe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushi kuma, ni Alhaji Yari na Birnin Malam ina sanar da dangi na Jega, Aliero da Maiyama rasuwar doguwar kujerata, wadda yara ke kira Ƙoda saboda siffarta. Ta cika a shagon Garba kafinta, a unguwar Jega Magaji, ba ta yi jinya ba.

Marigayiya haihuwar Turai ce, tun kafin mulkin kai. Na same ta hannun Malam Simon, malamin makaranta, ranar da aka canza masa gari ta ƙi shiga mota. A keken shanu ta zo gidana. A lanƙwashe take, ba kusurwa ko ɗaya, kuma da gangan maƙerinta ya yi ta haka. Na gaya wa mutanen gidan nan sau ɗaya. Ba na maimaita magana.

Ba ta taɓa jingina da bango ba. Baƙo bai taɓa samun wurin miƙe ƙafa a kanta ba, shi ya sa ba wanda ya zo hira ya kwana. In na zauna takan ce "ƙiii" a hankali. In surukina Sanusi ya zauna, sai ta yi kukan akuya. A kanta nake barcin rana tun ina da baƙin gashi, har bayana ya ɗauki siffarta.

Na tafi suna Maiyama. Ɗana Sirajo ya sayar da albasa, alheri ya motsa masa, ya ɗauke ta ya kai wa Garba, wai tsufa ne ya tanƙwara ta, a miƙe wa Baba. Garba ya sa zarto. Ta miƙe, amma gida uku.

Ta bar ni, da bayan da ba ya yarda da katifa ko tabarma. Tun ranar a zaune nake gyangyaɗi. Ta bar ƙafa huɗu, da wani benci da Garba ya haɗa daga gawar, wanda ban amince ɗanta ne ba.

Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa katako salla. Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a murhun uwargida Zaituna, da marigayiyar za a dafa tuwon sadaka. Zaman makoki a ƙofar gida, kowa a ƙasa. Garba na iya zuwa, amma ya bar zarto a shago. Sirajo ne kaɗai zai zauna a bencin, kuma ba zai tashi ba sai bayana ya miƙe.