Ranar da Na Zana Matata

Ban daɗe da fara koyon zane a makarantar Gidan Dare ba, na ɗaura ɗamarar zana matata da fentin mai. Malam Bulus, mai koya mana, ya ce in bari sai na iya inuwar fuska. Na ce ai na fi shi sanin fuskar matata.

Na duƙufa har na gama, na tara danginta, na yaye ƙyallen da na rufe hoton da shi.

Surukata ta ƙura wa hoton ido, sai hawaye. "Allah shi jiƙan maigidana! Har gemun ka fiddo!"

Inuwar haɓa ce fa. Matata ta tashi ta shige ɗaki.

Har yau in ƙannenta suka zo, sai su ce mini, "Yaya, Baba na ciki?"