Yadda Ofishinmu Ya Raka Ni Gwajin Jini

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ranar da na yi 'yar ƙarya guda a ofis ta jawo mini mota cike da 'yan rakiya. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata kusa da GRA a Katsina, ina zaune a gidanmu da ke Ƙofar Marusa, ina kuma neman auren Murja.

Murja malamar firamare ce, ba ta da yawan magana, amma in ta faɗi abu ta gama. Manya sun shirya za su haɗu ranar wata Juma'a a sa mana rana, sai ta ce tana da sharaɗi ɗaya: in je a gwada jinina, a duba ƙanjamau da sauran cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. Ta ce ba zargina take yi ba. Wata ƙawarta ce ta yi aure, ba a jima ba aka binne jaririnta, aka zo aka binne ta, kuma har lokacin dangi cewa suke yi sammu ne. In ban kawo sakamako kafin Juma'ar ba, da bakinta za ta ce wa babanta a dakata. Na yi dariya na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Ba sakamakon ne ya fi tayar mini da hankali ba, ko da yake a shekarun nan duk wanda ya taɓa miƙa ƙeyarsa ga wanzami rediyo ta sa masa waswasi. Damuwata ita ce inda zan je. A cikin birni, wanda aka gani yana neman irin wannan gwajin an gama yanke masa hukunci tun kafin allura ta taɓa shi. Babban asibiti bai yiwuwa, domin mai yankan kati ƙanen mahaifiyata ne, mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa kuma katangarmu ɗaya. Na je wurin mai kemis ɗin unguwa na ce wani abokina ne ke tambayar inda ake gwaji. Bai ma amsa tambayar ba, ya ƙunso mini kafso a takarda ya ce abokin ya riƙa sha safe da yamma, sannan ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce Allah ya ba abokin nawa lafiya. Daga ranar na canja hanyar zuwa masallaci.

Wanda ya fitar da ni shi ne Mista Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, da teburinsa ke kallon nawa. Shi ma da labarin abokin na fara, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce a cocinsu an fara neman wannan kafin aure, ba wani abin ɓoyo ba ne. Ya kwatanta mini wani wuri a bayan GRA da wata mata ke riƙe da shi, wadda ba 'yar birni ba ce kuma ba ta tambayar sunan kakan mutum. Ya ce sakamakon sai ya kwana biyu, kuma ana tashi da wuri. Wato in Talatar nan ta wuce ni, Juma'a ta wuce ni. Dole ke nan in nemi izinin fita a lokacin aiki.

Shugaban sashenmu Alhaji Sada ne, dattijo mai furfura wanda ya san kowane gida a Katsina da wanda ya gina shi. Tun da aka ji maganar aurena ya daina kiran sunana, sai dai Ango. Na shiga ofishinsa da hantsi, na durƙusa, muka gaisa har muka gaji: iyali, aiki, gajiya, zafi, sabuwar gwamnati. Sannan ya tambayi abin da ke tafe da ni. A nan ne na yi wautar da har yau nake mamakinta. Cikin duk uzurorin da Allah ya halitta, na zaɓi wanda babu Bakatsinen da zai bari ya wuce shi.

"Dubiya za ni, ranka shi daɗe."

"Wa ye ba lafiya?"

Na ce Malam Idi, abokin babana. Na zaɓi Idi ne saboda ina ganin Idi ya yi yawa a gari, ba a gane wanda ake nufi. Ya tambaye ni Idi na wane gida, na ce na wajen marina, domin abin da ya fara zuwa bakina ke nan. Sai na ga ya ajiye biro.

"Idi na marina? Ai tare munka yi allo da shi. Shina kwance ba wanda ya gaya mani? Tashi mu tai."

Kafin in haɗiye yawu ya sa an kira direba. Hajiya Ladi mai buga takardu, wadda muryarta ke kaiwa har bakin titi, ta ji an ce dubiya ta ɗauko mayafi, ta ce ita ba ta ganin lada a ƙasa ta tsallake. Alhaji ya leƙa ya kira Yohanna, ya ce duba marar lafiya ba ruwansa da addini. Yohanna ya dube ni, na dube shi, ya tashi ya shiga mota ya manna fuskarsa da taga. A hanya aka tsaya aka sayi lemo da ayaba da burodi, kuma ni aka ba ledar in riƙe, tunda ni ne na kusa da majinyaci.

Na gwada zillewa, ba wai ban gwada ba. Na ce wataƙila ma an sallame shi. Alhaji ya ce to sai mu wuce gidansa. Na yi sauri na ce a'a, na tuna, yana nan. Na yi tunanin in kai su babban asibiti mu yi ta zagaya ɗakuna har su gaji, amma in na yi haka wancan wurin zai rufe, kuma na san Murja ba ta sauya magana. Sai na yi wa kaina dabara: in kai su ainihin wurin, in bar su a waje da sunan zan duba ko Malam Idi na barci, in miƙa hannu a ɗebi jinin, in fito in ce likita ya hana shiga. (Ban taɓa ganin wurin ba. A raina asibiti ne mai ɗakuna da gadaje. Yohanna ya sani, amma yana can yana ƙirga itatuwan GRA.)

Da muka isa sai ga ɗaki ɗaya da labule, da benci a gaba, mutum uku na zaune kowa ya sunkuyar da kai. Alhaji Sada bai jira kowa ba, ya yi sallama da ƙarfi ya shige gaba, muka bi shi a jere, ni a ƙarshe da ledar lemo. Matar ta fito sanye da farar riga. Ya gaishe ta gaisuwar mutunci, sannan ya tambayi ɗakin da aka kwantar da Malam Idi na marina. Ta ce su ba sa kwantar da kowa, gwaji kawai suke yi. Ya ce gwajin me? Sai ta nuna masa wata babbar takarda da aka manna a bango. Alhaji ya ciro tabarau ya karanta a bayyane, a hankali, kamar mai karanta sanarwa a masallaci: ƙanjamau, ciwon sanyi, tunjere. Mutanen da ke benci suka ƙara sunkuyawa.

Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To wa za a gwada a cikinku?"

Ƙofa a buɗe take a bayana. Da na ce mun yi ɓatan hanya ne, da an koma mota an yi mini faɗan rashin kwatance, shi ke nan. Na ji kalmomin sun zo har bakina. Amma sai na hango Murja tsaye gaban babanta tana cewa a dakata, kuma na san ba wasa take yi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗaga hannu sama kamar ɗan aji ɗaya, da ledar da komai.

Hajiya Ladi ta ce innalillahi a hankali, wato yadda na ƙarshen benci ma ya ji. Alhaji Sada ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Na zaci zagi zan sha, da ma zagin na sha da ya fi sauƙi. Sai ya ce tunda da niyyar dubiya aka fito, ba a komawa da ita gida. Ya sa na zauna a benci, suka tsaya a kaina, ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a: Allah ya ba ni lafiya, Allah ya sa kaffara ce, Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya rufa mana asiri. Hajiya Ladi na amsawa da amin, direba ya leƙo ta taga yana amin, mutanen benci ma suka ɗaga hannu, don ba a jin addu'a a ƙi shafawa. Aka shafa fatiha, sannan Alhaji ya nuna ledar da ke cinyata ya ce in ci lemon, yana ƙara jini.

Na shiga bayan labule aka ɗebi jinin. Matar ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata da alheri. Cewa kawai ta yi tun da ta buɗe wurin ba ta taɓa ganin wanda ya zo da 'yan rakiya haka ba, yawanci ma da rawani ake rufe fuska.

Lokacin babu wayar hannu, amma kafin la'asar labarin ya riga ni isa Ƙofar Marusa. Na tarar da mata a ɗakin mahaifiyata suna yi mata sannu, ita kuma tana amsawa ba ta san ta mece ce ba. (Ashe akwai Malam Idi na gaske a wajen marina, lafiyarsa ƙalau. An ce shi ma ya kwana biyu yana karɓar 'yan dubiya yana rantsuwa.) Washegari magana ta kai kunnen baban Murja, kuma ta isa ne a cike: wai an gan ni a wurin masu irin ciwon nan, jikin ya yi tsanani har shugabana ya yi mini addu'a. Ya kira Murja ya ce maganar Juma'a babu ita. Ita ta ba ni labarin daga baya, ba tare da ta ƙara gishiri ba. Ta ce ta durƙusa ta ce masa, "Baba, ni na aike shi. Kuma ni na riga shi zuwa, ni kaɗai na je, ga tawa takardar." Ya duba takardar, sannan ya ce to a jira ta yaron.

Ranar Alhamis na koma na karɓo sakamako, ni kaɗai, a ƙafa. Babu komai a jinina. Wannan labarin kam bai yi gudu ba, ni na riƙa bi gida gida ina kai shi, kuma ba kowa ya nuna yana so ba. Juma'a aka sa rana. Da na kai wa Murja takardar, ta karanta ta ninke, ta ce ta gode, sannan ta tambaye ni me ya hana ni ce wa Alhaji kawai zan je asibiti a duba ni. Tambayar ta fi shekara ashirin yanzu, 'ya'yanmu har sun girma, ban samo mata amsa ba.

Abin da na koya dai bai da yawa. Gwajin da na yi ta jin tsoro bai fi cizon sauro ba, ɓoyonsa ne ya tara mini gari. In kuma har ka matsu sai ka yi ƙarya a Katsina don ka je wani wuri kai kaɗai, kada ka ambaci inda ake samun lada a zaune. Ka ce za ka je yasar kwata, za ka ga kowa yana da aiki a gabansa.