Muciya a Jikin Makunni

"...Lahiya lau, mijin wahala. Ina gajiyar zaman banza?"

Hajiya Barakatu ce ke amsa gaisuwar jikanta Mas'udu a tsakar gidansu na Ƙanƙara. Shi kuwa hankalinsa a tashe yake. Da la'asar ake jiransa a 'Yankara, gaisuwar surukai ta farko, ga shaddarsa duk a yamutse. Kwana huɗu babu wuta, yau da aka kawo, sau uku yana jona dutsen guga makunnin gidan yana faɗuwa.

"Tsohuwa, mi kika jona a ɗakinki?"

"Casbahata."

"Casbaha na tururi? Ga bokiti can da hita a ciki!"

"Ruwan gasa gwiwa ne. Gwiwar nan ta goyi ubanka, ita za ta jira tsummanka?"

"Gwiwar da ta ga zamanin anini? Ki kashe na minti goma. Akwatin wutar nan ba ya ɗaukar hita da guga tare."

"Ashe rago ne irinka. Ai na yi mashi magani."

Mas'udu ya leƙa zaure, sai ga muciyar tuwo an tokare makunnin da ita. Ya fizge ta da sauri.

"Innalillahi! Hwaɗuwar nan da yake, gobara yake tare mana. Gidan za ki toya?"

"Gemu ba ya hana yarinta! Katanga in ta karkace ba tokare ta ake ba?"

"To ke ma ai kin karkace, kawo in tokare ki."

"Tokare bakinka. Ko ka goge, mai kunnuwa kamar faifai, wa zai ba ka ɗiya?"

Tana rufe baki fankar ɗakinta ta tsaya cak. An ɗauke wutar gari gaba ɗaya. Mas'udu ya zauna bakin rijiya, shadda a cinya, zolayar ta ƙare masa. Nan tausayi ya kama tsohuwa. Ta shiga ɗaki tana ɗingishi, ta fito da tsohon dutsen guga na gawayi, ta ɗebo garwashi a murhu ta zuba.

"Ungo. Da shi kakanka ya goge riga ranar da ya zo neman aurena."

"Shi ya sa ya samo irinki. Anya in ɗauka?"

Ta tuntsire da dariya. "Ka ci ni, ja'iri. Goge ka tahi, Allah ya sa ka samo wadda ta hi ni baki."